Gwangwani Uku a Bayan Kanta

Akwai wani ɗan shago a bakin layinmu, nan Tudun Kofa a cikin Keffi, inda na fi shekara goma ina sayen sukari da ganyen shayi da sabulun wanki. Mai shagon dattijo ne, duk layin Baba muke ce masa. Tsawon shekarun nan ban taɓa sanin abin da ke bayan kantarsa ba, sai wani yammaci na damina da ruwa ya tare ni a wurin, ya ce in shigo daga ciki kada feshi ya jiƙa mini riga. Na zauna a kan buhun gishiri, gwiwata tana gugar katon ɗin taliya. Daga nan ne na hango gwangwanayen madarar gari guda uku a jere a ƙasa, bakinsu duk ya yi tsatsa. Ɗaya an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ɗaya an zagaye shi da robar tayar keke, na ukun ba komai a jikinsa.

Ina zaune wata yarinya ta shigo da gudu, ta lulluɓe kai da leda, ta miƙo dubu ɗaya tana son magi na ɗari biyu. Baba ya jawo durowa ya duba, babu canji. Ya ce mata ta leƙa wurin mai gawayi ta canzo. Ni kuwa ga shi ina kallon 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari bibbiyu a cikin gwangwanin nan mai jan ƙyalle, murfinsa ma a buɗe. Da yarinyar ta fita cikin ruwan na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ga canji a gabanka, ka tura yarinya cikin ruwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ba a salla babu alwala. Ya ce, "Malam, wannan ai ba kuɗina ba ne. Na Alhaji ne." Yana nufin dilan da ke sauke masa kaya bashi, ya aiko yaro karɓar kuɗi duk ranar Alhamis. Mai robar keken na cefanen gida ne. Na ukun na zubin adashi. Na ce to ai canji ne kawai, dubu ta shiga, ɗari takwas ta fita, ka cike daga baya. Ya ce haka ake farawa, hannun da ya saba shiga don canji gobe zai shiga don wani abu.

A raina dariya na yi masa. Ni da takardar digiri, da katin cirar kuɗi har uku a lalita, wai tsoho zai koya mini lissafi da gwangwanin madara. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a daidai wannan watan wuri bakwai ake bi na bashi, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne.

Ba wani almubazzaranci na yi ba, kodayake duk wanda bashi ya yi wa katutu haka yake cewa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Keffi gari ne da rabin numfashinsa yake Abuja. Tafiyar kilomita hamsin ce ko ɗan sama da haka, mutane da yawa suna kwana nan su yi asubanci ta Masaka da Mararraba da Nyanya su tafi aiki, saboda haka duk abin da ya taɓa kuɗin mota ya taɓa tukunyar miyarmu. Ga ɗaliban jami'ar jihar da suka cika Angwan Lambu da kewaye, kuɗin haya sai hawa yake. Kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 34 cikin ɗari. Albashi kuwa yana tafiya kamar hawainiya. A tsakiyar wannan mahaifiyata ta kwanta asibiti na mako uku. Na karɓi rancen albashi a banki. Na karɓi na ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu. Na ranta wurin yayan matata. Kuɗin makarantar yara ya taru. Na kwashi adashi tun a zagaye na biyu. Shafina a littafin Baba ya cika har ya juya baya. Sannan na yi babban kuskuren, na sauke manhajar ba da rance a waya, wadda ke ba ka kuɗi kafin ka gama shan ruwa.

Daren da na gane na kai maƙura, albashi ne ya shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Waya ta yi ƙara, na duba, na fara cewa alhamdulillahi. Ban rufe baki ba ta sake ƙara. Banki ya ɗebe nasa na wannan watan, ya haɗa da ragowar na watan jiya da ban cika ba. Abin da ya saura ba zai sayi mudu goma na shinkafa ba. Na kwana ina juyi, maman yara tana jin motsina ba ta ce komai ba.

Washegari wani abokin aikina ya ba ni shawarar da kowa ke bayarwa. Ya ce in buɗe asusu a wani bankin daban, in riƙa kwashe kuɗina can tun kafin su farga. Shawarar ba daga sama ta faɗo ba. A Ingila ma, inda ake da ƙungiyoyin agaji irin su StepChange da ke zama da mai bashi kyauta su tsara masa yadda zai biya, abin da suke fara gaya wa mutum ke nan: idan bankin da albashinka ke shiga yana bin ka bashi, ka nemi ƙaramin asusu a wani bankin da ba ya bin ka komai, domin banki yana da ikon ɗibar abin da ke asusunka ya cike bashinsa. Can ƙungiyar ce ke karɓar kuɗi ɗaya a hannunka duk wata ta raba wa masu bin ka, ita ke roƙa maka su dakatar da kuɗin ruwa.

Amma wannan hular ba ta zauna daidai a kanmu ba, kuma gara mutum ya san dalili tun kafin ya wahalar da kansa. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun da mutum yake da shi a ƙasar nan da yatsunsa da fuskarsa. Sai kuma daga 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. A cikin takardun da ka sa wa hannu ranar karɓar rance, waɗanda yawancinmu ba ma karantawa saboda ɗokin jin ƙarar waya, akwai izinin da ka bayar cewa idan ka kasa biya, bankin da ke bin ka zai iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga duk wani asusunka a wasu bankunan, ba sai ya nemi jin ta bakinka ba. Asusun ajiya ne, na yau da kullum ne, na dala ne, jakar kuɗi ta waya ce, har asusun haɗin gwiwa da ka buɗe da wani, duk hannu yana kaiwa. A farkon 2022 aka ƙara masa ƙarfi, aka ce banki yana iya ta maimaita ɗiba ba iyaka har sai ya cike. Abin da tsarin ya yarda a ɗiba shi ne uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri, kuma wannan abu ne da ya kamata mutum ya riƙe, domin idan aka wuce gona da iri yana da bakin magana. Amma batun ɓuya dai babu shi. Wanda ya sauya banki don ya tsere wa bashi kamar wanda ya sauya ɗaki ne a gidan da maɓallansa duka ke hannun mai gida.

Da na gane haka sai gwangwanayen Baba suka dawo mini. Shi ba ɓoye wa Alhaji kuɗi yake ba. Gwangwanin Alhaji ne ma ya fi kowanne tsaro. Abin da ya yi shi ne ya hana kuɗi cakuɗuwa, ta yadda ranar Alhamis ba ta cin abincin ranar Juma'a, cefane kuma ba ya cin amanar mutane. Ni kuwa komai nawa a rami ɗaya yake zuba, duk wanda ya riga miƙa hannu shi ke ɗiba, mai ƙarfi ya fara, iyalina su zo ƙarshe.

Kafin gwangwani ma akwai littafi. Littafin bashin Baba irin na 'yan firamare ne mai shafi sittin, bangonsa ya yi baƙi da man gyaɗa, an huda kusurwarsa an ɗaure biro da zare. Kowane gida da shafinsa. Yana rubuta wasu abubuwa da ajami, lambobi da boko. Ko ashana ka ɗauka sai ya rubuta a gabanka, ya juyo maka littafin ka gani. Da can ina jin haushin wannan juyowar, ina ganin kamar rashin yarda ne. Alhali duk ɗan makarantar allo ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mun san ta a ka, amma kunya ta hana mu aiki da ita, har ɗan'uwa ya ranta wa ɗan'uwa dubu ɗari ba ko alama a takarda, bayan shekara ɗaya wannan ya ce tamanin ne, wancan ya ce ɗari da ashirin, zumunci ya tsinke.

Na sayi irin littafin a wurinsa, a kan bashi kuwa, ya rubuta. Bayan sallar isha'i na zauna na jera su: wa ke bi na, nawa ne, akwai ruwa ko babu, yaushe ne wa'adi. Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Mai bashi yana da wata dabara ta rashin haɗa jimla. Yana tuna kowane bashi shi kaɗai, kowanne kuwa shi kaɗai ba ya da ban tsoro. Da na ja layi na tara, abin da ya fito ya haura albashina na wata biyar. Na rufe littafin, na fita tsakar gida na tsaya, na dawo na sake buɗewa, lambar tana nan yadda na bar ta.

Amma a wannan daren ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Manhajar nan ta ba ni dubu talatin, tana son dubu talatin da tara cikin kwana goma sha huɗu. Kashi talatin cikin ɗari ke nan a mako biyu. A lokacin Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a shekara, bankuna kuma suna ɗora nasu a kai, muna ta kukan tsada. Ashe kusan abin da banki ke karɓa a shekara guda shi na yarda in bayar a mako biyu, kuma sau huɗu ina sabuntawa. Bashin da ya fi kowanne ƙanƙanta a shafin shi ne ke shan jinina fiye da kowa.

Ƙarfin masu manhajar nan ba a kuɗinsu yake ba, a kunyarmu yake. Sun san Bahaushe zai iya kwana da yunwa amma ba zai iya jure a aika wa surukinsa da limamin unguwarsu saƙo cewa shi ɓarawo ne ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, daga baya a shekarar ta tilasta musu rajista, tana kuma fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin mutane da hotunan da ke cikin waya. Abin ya ragu, bai ƙare ba, don wasu ta bayan gida suke shigowa. Wadda na faɗa hannunta ta fara yi mini barazana tun ana saura kwana ɗaya wa'adi. Abin da na yi shi ne na riga su. Na zaunar da maman yara na buɗe mata littafin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai na san akwai abin da ke hana ka barci, na ɗauka ma aure za ka ƙara." Washegari na je wurin babban wanmu na faɗa masa. Daga ranar barazanar ta zama holoƙo, don wanda za a tona wa asirin ya riga ya ji daga bakina.

Sai tsarin biya. Masu lissafi za su ce ka fara da bashin da ruwansa ya fi zafi, ka bar marasa ruwa su jira. A kan manhaja na bi maganarsu ba musu: na sayar da tsohuwar talabijin da wani ɗan injin wuta da ya daɗe a ajiye, na biya su gaba ɗaya, na goge abin daga wayata. Amma daga nan na saɓa musu. A lissafin takarda, Baba da yayan matata su ne na ƙarshe, tunda ba sa ɗora ko kwabo. A lissafin zaman unguwa ba haka ba ne. Dubu ashirin da biyu da Baba ke bi na ba komai ba ce a wurin banki, amma a shagonsa katon biyu ne na kaya da bai iya saukewa ba, kuma daga gwangwanin Alhaji za ta fito. Bashin da ba ruwa a kansa yana da nasa ruwan, mutunci ne yake ci a hankali. Don haka na yanka wa kowannensu wani abu duk wata, ko yaya ƙanƙantarsa, kuma ban taɓa tsallake wata ba.

Abin da na sa a sama da kowa shi ne abinci da haya da magani. Wannan ba son kai ba ne. Wanda ya ba masu bin sa duk albashinsa ranar ɗaya ga wata, ranar goma zai koma cin sabon bashi, tufka da warwara ke nan. Ko dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce abin da mai aiki zai cire daga ladan ma'aikacinsa a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ban ce ta hau kan kowane irin bashi ba, amma ma'auni ne mai hankali, shi na ɗauka: kashi ɗaya na masu bi, biyu na rayuwa.

Zuwa wurin masu bashi ya fi rubutun sauƙi, abin mamaki. Banki na fara zuwa, da takarda a rubuce, na ce ga albashina, ga abin da zan iya, a tsawaita mini wa'adi a rage abin da ake cira. Sai da na yi sawu uku. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya fito mini a mutum, ya ce in sani fa idan wa'adi ya ƙaru jimlar abin da zan biya ma za ta ƙaru. Na ce na sani. Sauƙin numfashi nake saye, kuma ba kyauta ba ne. Na dage sai an ba ni sabon jadawalin a takarda mai hatimi, don maganar baka a banki iska ce, wanda ya yi maka alƙawari yau gobe an mai da shi wani reshe. Wanda kuma ya ga an cire masa abin da bai dace ba, hanya ita ce ya fara kai kuka ga bankin a rubuce ya karɓi shaidar ya kai, idan ba a warware ba ya wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Wurin yayan matata ban je ni kaɗai ba. Na ɗauki wani dattijo da dukanmu muke jin nauyinsa. Wannan ita ce tamu ƙungiyar, wadda muka gada, ba ofis ba fom. Dattijon ya tunatar da ni nauyin bashi, ya tunatar da shi falalar jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aka yanka abin da zan riƙa bayarwa, aka rubuta. Na ce dubu goma sha biyar duk wata don in burge. Dattijon ya ce, "Faɗi abin da za ka iya ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi." Na sauko dubu takwas. Yaya ya ce ya yarda.

To, sai gwangwani. Asusun albashi dole ya zauna inda yake, tunda sharaɗin rancen ke nan, na bar shi a matsayin mai jan ƙyalle: kuɗi ya shigo, banki ya ɗauki nasa, in tura wa sauran masu bi nasu a ranar, kafin ido ya saba da lambar. Katinsa na cire daga lalita na ajiye a ƙasan akwati. Abin da nake nema shi ne wurin da kuɗin cefane zai zauna, kuma a nan na ɓata lokaci fiye da yadda na zata.

Tambayar farko ita ce ko wurin yana da lasisin Babban Banki kuma yana ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC. Mutane suna raina wannan har sai ta faru. A watan Mayun 2023 an soke lasisin ƙananan bankuna 179 kusan a lokaci guda. Ranar 3 ga Yunin 2024 aka soke na bankin Heritage, babban banki mai rassa a faɗin ƙasa. Sa'ar da masu ajiya suka yi, 'yan makonni kafin nan NDIC ta ɗaga abin da take lamuncewa daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, na ƙananan bankuna kuma daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Ta BVN ɗin nan da muke tsoro aka bi aka tura wa mutane da yawa kuɗinsu a asusunsu na wasu bankuna. Kuɗin cefanena bai kai ko kusa da waɗannan lambobi ba, amma mai ɗan kaɗan shi ya fi kowa jin zafin rasa shi.

Ta biyu ita ce 'yan cire-ciren nan da ba a ji. A lokacin akwai naira 10 ko 25 ko 50 a kan kowace turawa gwargwadon yawanta, ga naira 50 ta gwamnati a kan dubu goma zuwa sama, ga kuɗin saƙon waya da ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025, ga naira 100 a kan kowace dubu ashirin idan ka cira a na'urar wani banki tun daga Maris na 2025, ga ladan mai POS. Asusun yau da kullum kuma yana da nasa kuɗin kula, a lokacin har naira ɗaya a kan kowace dubu da ta fita, abin da asusun ajiya ba shi da shi. Na zauna da bayanin asusuna na wata uku na tara su, sai ga kuɗin mudun wake biyu. Ba banki kaɗai ke da laifi ba, ni ne nake cirar dubu biyu-biyu sau biyar a mako. Na koma asusun ajiya, cira sau ɗaya ranar Asabar. Ko asusu mai matakin farko, wanda ba ya riƙe sama da dubu 300, ya ishi wannan aikin.

Ta uku ba a rubuta ta a kowace takardar banki ba, kuma a wurina ita ce babba. Na guji duk asusun da zai riƙa yi mini tallan rance. Akwai waɗanda da ka buɗe manhajarsu abin da zai fara gaishe ka shi ne albishir ɗin cewa ka cancanci dubu hamsin, danna nan. Ranar ashirin da biyar ga wata, gida ba gari, wannan maɓallin ya fi shaiɗan iya rarrashi. Gwangwanin Baba ba ya magana. Irinsa na nema.

Wani zai tambaya batun bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da riba ba wannan babbar ƙofa ce da iyayenmu ba su samu ba. A cinikin murabaha ana yanke farashi tun farko, ba ya ta haihuwa. Sai dai kada mutum ya ɗauka sadaka ake rabawa. Bashi ne, ana bin sa, kuma su ma a ƙarƙashin Babban Banki suke, BVN ɗinka ɗaya ce a ko'ina.

A ƙarshe ma ba da sunana aka buɗe na cefanen ba. Na so mu buɗe na haɗin gwiwa ni da maman yara, sai na tuna hannun GSI yana kaiwa can, idan na sake tuntuɓe har 'yan kuɗin ƙosanta za a haɗa a kwashe. Ta buɗe nata ita kaɗai. Ranar albashi nake tura mata na ciyarwa, haƙƙinta ne dama, ba dukiya nake ɓoyewa a bayanta ba, masu bi na duk sun san abin da nake samu da yadda na raba shi. Garinmu Keffi ma daga kafi ya samo sunansa, shingen da Abdu Zanga da mutanensa suka kewaye kansu da shi wajen farkon ƙarni na 19. Kafi ba ɓuya ba ne, kowa yana ganin sa daga nesa. Ƙofa kawai yake yi wa wuri.

Gwangwani na uku shi ya fi ba ni wahala, don na daɗe ina yaudarar kaina cewa adashi tanadi ne. Tanadi ne ga wanda zai kwasa a ƙarshe. Wanda ya kwasa a farko bashi ya ci, na mutum goma a lokaci guda, kuma duk maƙwabta. Na lallaɓa na cika zubina har zagayen ya ƙare, da uwar adashi ta zo da maganar sabon zagaye na ba ta haƙuri. A madadinsa nake jefa dubu uku a wani wuri da ba shi da kati, saboda ranar da zazzaɓin da dattijon nan ya ambata zai zo. Ya zo kuwa, sau biyu.

Yanzu saura banki da ƙungiyar wurin aiki. Duk wanda na gama da shi ina neman shaida a rubuce, don akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral, kuma sunan da ya shiga wurinsu da tabo ba ya goge kansa. Na Baba ne kawai ba na bukatar takarda. Ranar da na kai masa cikon ƙarshe ya jawo littafin, ya lashi yatsa ya nemo shafina, ya ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ya juyo mini na gani. Na ce ya yage shafin mana. Ya ce bayansa na gidan wani ne.

Kuɗin ta waya na tura masa, don tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 shi ma ɗansa ya buɗe masa asusu, an liƙa lambar a jikin ƙofa. Na tambaye shi yadda yake yi da gwangwanayen yanzu da rabin cinikinsa a waya yake shigowa. Ya ce duk dare bayan isha'i yaron nan mai POS na bakin titi yana zuwa, ya cire masa abin da ya shigo, ya ɗauki ladansa. Na ce Baba ai asara kake yi, ka buɗe asusu uku mana, a riƙa rabawa daga can. Ya ce zai yi shawara da ɗan nasa. Yana faɗa yana miƙar da wata tsohuwar ɗari biyar a kan cinyarsa, ya ninke ta biyu, ya sunkuya ya ɗaga murfin mai jan ƙyallen.